Labarin Janar Morland, Hafsan Da Ya Kawo Soja Sakkwato

Kai mai karatu, in ka tambayi mutane wane Bature ne ya ci Sakkwato da yaƙi, galibi za su ce maka Gwamna Lugga. Amma ran da aka yi yaƙin Giginya Lugga ba ya wurin, yana bisa hanya, sai bayan kwana huɗu ya iso. Manyan hafsoshin da suka tsaya a filin nan su biyu ne, Janar Kemball da Kanar Morland. Kemball shi ne babba ga muƙami, amma Morland ne ya taso da sojan tun daga Zariya, shi ya fasa ƙofar Kano, shi ne kuma ya rubuta wa Sarkin Musulmi Attahiru takarda ya ce ga su nan tafe. Labarinsa za mu ba ka a nan, tun daga shigarsa soja har mutuwarsa. Ka karanta a hankali, gama a cikinsa za ka gane abin da ya sa soja kaɗan suka rinjayi jama'a mai yawa, za ka kuma ga yadda abin da ya sami mutanen Sakkwato ya komo ya sami mutanen Morland a wata ƙasa mai nisa.

Asalinsa Da Shigarsa Soja

Cikakken sunansa Thomas Lethbridge Napier Morland. An haife shi ran 9 ga Agusta, 1865, a birnin Montreal cikin ƙasar Kanada, wadda a zamanin nan ta ke ƙarƙashin Sarauniyar Ingila. Aka kai shi Ingila ya yi karatu a wata makarantar 'ya'yan manya da a ke kira Charterhouse. A 1884, yana da shekara 19, ya shiga soja, aka ba shi laftana cikin wata tsohuwar runduna mai suna King's Royal Rifle Corps.

Ya kamata ka san matakan soja, domin ka iya bin hawansa. Wanda ya shiga soja ba karatu kurtu ne. In ya ƙware sai ya zama las kofur, sa'an nan kofur, sa'an nan saje, sa'an nan samanja. Bisa waɗannan akwai hafsoshi. Ƙaraminsu laftana, sai kyaftin, sai manjo, sai laftana-kanar, sai kanar, sai birgediya, daga nan sai janar-janar, su kuma hawa uku ne, manjo-janar, da laftana-janar, da cikakken janar. Kyaftin ya kan riƙe kamfani, watau soja wajen ɗari ko fiye. Laftana-kanar ya kan riƙe bataliya, watau kamar soja dubu. Ɗan gidan manya irin Morland ba ya farawa daga kurtu, daga laftana ya ke farawa. Shi kuwa sai da ya taka matakan nan ɗaya ɗaya har ya kai na ƙoli, cikin shekara wajen 40.

Yadda Ya Zo Ƙasar Nan

Shekarar da ya shiga soja, ita ce shekarar da manyan ƙasashen Turai suka fara taro a birnin Balin na Jamus, suna shirya yadda za su raba Afirka tsakaninsu, ba tare da sun tambayi masu ƙasar ba. Daga nan sai tsere ya tashi. Faransa na tahowa daga yamma da arewa, Jamus ta kama Kamaru, Ingilishi kuwa suna bakin Kwara da Binuwai, inda wani kamfaninsu na ciniki ya ke mulki da sojansa. Da gardama ta yi zafi tsakanin Ingila da Faransa a kan ƙasar Bargu, sai gwamnatin Ingila ta umurci Lugga a 1897 ya kafa mata runduna ta kanta a Afirka ta Yamma. Hafsoshinta Turawa ne, amma sojan kansu mutanen ƙasa ne, yawancinsu Hausawa da Yarabawa, da Hausa kuma a ke yi musu magana a bariki. A zamanin nan baƙar fata ba ya wuce samanja, ko da ya fi kowa jaruntaka. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Nijeriya hafsa.

Morland ya shiga rundunar nan a 1898. Cikin wannan shekara Ingila da Faransa suka daidaita, suka zana iyaka bisa takarda, suka ja layi ya kewaye Sakkwato ta arewa da nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki rabon Ingila ne. Sarkin Musulmi Abdurrahman yana zaune a gidansa, ba wanda ya shawarce shi. Ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, Lugga ya zama shugaban Nijeriya ta Arewa. Amma mulkin nan nasa a takarda ya ke, don a lokacin ba shi da iko a Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko Barno. Aikin su Morland shi ne su mai da abin da ke takarda ya zama na ƙasa.

Kafin su fara sai yaƙi ya tashi a ƙasar Asante, inda a ke sayo goro, cikin ƙasar da a ke kira Gana yau. Mutanen Asante suka kewaye Gwamnan Turawa a Kumasi a 1900. Aka kwashi soja daga ƙasar nan aka kai can, Morland yana cikin hafsoshin da suka tafi. Da suka komo sai Lugga ya juya kan sarakunan Arewa. A farkon 1901 aka ci Kwantagora da Bida, Kemball ne ya ja sojan.

Yola Da Barno

Yaƙin farko da Morland ya shugabanta da kansa a kan babban sarki shi ne na Yola. Lamiɗo Zubairu ya hana Turawan kamfani ciniki a ƙasarsa. Cikin damina ta 1901, sa'ad da Binuwai ta cika, Morland ya ɗauki soja ɗari uku da wani abu cikin jiragen ruwa, suka hau kogi, suka sauka kusa da Yola a farkon Satumba. Zubairu ba a banza ya ke ba. Yana da igwa biyu waɗanda ya samu daga wani hafsan Faransa mai suna Mizon, yana kuma da 'yan bindiga waɗanda suka taɓa yi wa Rabe soja. Aka yi faɗa mai tsanani wajen masallaci da ƙofar fada, har kibiya ta sami Morland kansa, amma raunin bai kwantar da shi ba. Kafin rana ta faɗi aka ci garin. Zubairu ya fita ya nufi gabas, can ma ya tarad da Jamusawa ya yi ta yaƙi da su, bai sallama ba har aka kashe shi a 1903. Turawa suka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu.

A farkon 1902 aka sake aiken Morland, wannan karo zuwa Bauci da Barno. Bauci ba a yi yaƙi ba, aka tuɓe Sarki Umaru. Da suka wuce gaba sai Malam Jibirilla, wanda ya daɗe yana gagarar sarakunan Gwambe, ya auka musu da dawaki da 'yan ƙasa. Bindiga ta watsa jama'arsa, aka bi shi aka kama, aka kai shi Lakwaja. Morland ya isa Barno ya tarar Faransa sun riga sun kashe Rabe a 1900, sun kuma bi ɗansa Fadalalla sun kashe shi a Gujba a 1901. Ya jawo Shehu Garbai daga Dikwa zuwa ɓangaren Ingila, ya bar soja a ƙasar, ya komo. Ka ga cikin wata kamar takwas ya ƙara wa Ingila ƙasashe uku manya. Saura Kano da Sakkwato, da waɗanda ke bin bayansu.

Cin Kano

Cikin Oktoba 1902 abubuwa biyu suka faru. Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney, Baturen da aka ajiye a garin, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. A cikin watan nan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu, jikan Atiku ɗan Shehu Usmanu. Lugga ya riƙe maganar Magaji ta zama hujja. Ya kuma ce ya sami takarda daga Abdurrahman tun yana da rai, wadda ta nuna ba abin da ke tsakaninsu sai yaƙi. Manyan Landan ba su so a yi gaggawa ba, suna tsoron kada soja kaɗan su hallaka a ƙasa mai nisa. Da suka ga Lugga ya riga ya ɗaura niyya, sai suka aiko Kemball ya shugabanci tafiyar. Lugga bai jira isowarsa ba, ya ce wa Morland ya tashi.

Ran 29 ga Janairu, 1903, Morland ya bar Zariya da soja ɗari bakwai da 'yan kai, da Turawa wajen 36, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu, da 'yan alaro masu ɗaukar kaya. Tare da shi akwai Kyaftin Abadie, wanda Zazzagawa ke kira Mai Jimina. A Bebeji aka rufe musu ƙofa, suka fasa ta da igwa, suka wuce. Ran Talata, 3 ga Fabrairu, suka tsaya bayan ganuwar Kano. Kewayen ganuwar nan ya kai mil 11, tsayinta a waɗansu wurare ya fi ƙafa 30, ga gwalalo a gabanta, ga ƙofofi 13. Igwa ta buga jikin ganuwa ba ta yi mata kome ba, ƙasa ta haɗiye harsashin. Sai Morland ya bar ƙofar da ya fara bugu ya zaga Ƙofar Kabuga, aka karya ƙyaurenta, soja suka kutsa.

Sarki Alu ba ya gari. Tun farkon Janairu ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa, don ya yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki da 'yan mutanensa ya yi faɗa har ya mutu. Rundunar Kano kuwa tana bisa hanyar komowa labari ya tarye ta. Alu ya rabu da jama'arsa da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja a 1926. Wambai Abbas ya komo da waɗansu Kano, shi Turawa suka naɗa sarki. Waziri Ahmadu ya ƙi sallamawa. A ƙarshen Fabrairu ya gamu da Laftana Wright da soja wajen 45 kusa da Kwatarkwashi. Dawakin Kano suka yi ta kai sura, sojan suka tsaya a dunƙule suna harbi, har Waziri ya faɗi tare da manyan Kano da dama.

Takarda Zuwa Ga Sarkin Musulmi

Kemball ya iso Kano, suka tashi tare da Morland a tsakiyar Fabrairu suka nufi yamma. Lokacin hunturu ne, ga ƙura, ga sanyin dare, ga ƙarancin ruwa, ciwon haƙarƙari ya kama soja da 'yan alaro da yawa. Morland ya aika wa Attahiru takarda. Ya gaya masa dalilin da ya sa suka yaƙi Alu, watau karɓar Magajin Keffi. Ya ce suna zuwa Sakkwato, kuma daga yanzu Bature da soja za su zauna a ƙasar. Ya ce sun yi shirin yaƙi saboda maganar Abdurrahman, amma in an karɓe su da lafiya ba za su taɓa kowa ba. Attahiru ya amsa da 'yan kalmomi kaɗan, ya ce ya aika a kira mashawartansa, sai sun taru za a san abin da za a yi.

Ka tsaya nan ka duba nauyin da ke kan mutumin nan. Watansa biyar kaɗai bisa gadon sarauta. A hannunsa amanar daular da kakanninsa suka kafa ta ke, shekara ɗari ba ɗaya tun hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Shawara ta rabu uku a Sakkwato. Waɗansu suka ce a yi yaƙi. Waɗansu suka ce a yi hijira gabas, a bar wa Nasara ƙasa, kada a zauna ƙarƙashin hukuncinsu. Waɗansu suka ce a nemi sulhu don a tsare rayukan talakawa da addininsu. Ko wane ɓangare yana da malamai da hujjojinsa daga littattafai. Ba a gama daidaita magana ba Turawa suka iso Shagari, inda suka haɗu da waɗansu sojansu da suka taho daga Argungu. Daga Shagari zuwa birni kuwa ba nisa.

Ranar Giginya

Ran Lahadi, 15 ga Maris, 1903, 'yan kwanaki bayan Babbar Salla ta shekarar 1320 ta Hijira, da safe, rundunar Sakkwato ta fito bayan ganuwa ta yi sahu a fili, dubban mutane, dawaki da 'yan ƙasa. Sarkin Musulmi yana tsakiya, tutarsa tana kafe kusa da wata giginya. Marafa Muhammadu Maiturare yana riƙe da gefe ɗaya, Sarkin Rabah Ibrahim yana riƙe da ɗayan. Makamansu takobi ne, da mashi, da kwari da baka, da 'yan bindigogi kaɗan.

Sojan Turawa suka matso, suka tsaya yadda suka saba, watau sahu huɗu masu kama da bangon ɗaki, ko wane sahu yana duban waje, kaya da 'yan alaro suna tsakiya, bindiga mai ruwa da igwa suna shirye. Ko ta ina doki ya ɓullo, bakin bindiga zai tarar. Suka buɗe wuta tun daga nesa, inda kibiya ba ta kai. Dawaki suka kasa isa gare su. Aka harbe dokin Marafa, shi ne kuma ya matsa wa Sarkin Musulmi ya janye, kada zuriyar sarauta ta ƙare a wurin. Kafin sa'a biyu fili ya watse. Amma waɗansu mutane suka ƙi gudu. Suka kewaye tuta, in mai riƙe da ita ya faɗi wani ya ɗauka, har aka kashe su duka a gindinta. Hafsoshin Turawa kansu sun shaidi jaruntakar mutanen nan. Turawa sun ƙiyasta mutanen Sakkwato da suka mutu kamar ɗari, su kuwa ɗan alaro ɗaya aka kashe musu.

Me Ya Sa Aka Rinjayi Sakkwato?

Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan maganar ba ta ci ba. Kada ka ce rashin zuciya ne, gama wanda ya tsaya gindin tuta yana ganin mutuwa ba a kiransa matsoraci. Kada kuma ka ce fatar Bature ce, gama waɗanda suka yi harbin yawancinsu baƙaƙe ne, waɗansu ma Hausa ce harshensu. Dalilai uku ne.

Na fari makami. Bindiga mai ruwa wani mutum ne mai suna Hiram Maxim ya ƙago ta a Landan a 1884. Tana iya fitad da harsashi wajen 500 cikin minti ɗaya, har bakinta ya kan yi zafi ƙwarai, don haka a ke kewaye shi da ruwa cikin wani bututu, daga nan ta sami sunanta. Mutum biyu ko uku da ita sun fi 'yan baka ɗari.

Na biyu horo. Sojan nan albashi a ke biyansu, ba su da wata sana'a sai faretin safe da koyon harbi. An koya musu su tsaya wuri ɗaya, kada wanda ya harba sai an ba da umurni. Mayaƙan Sakkwato kuwa manoma ne da barori da 'ya'yan sarauta, ko wane yana bin ubangidansa, a kan tara su in yaƙi ya taso, su watse in ya ƙare.

Na uku rarrabuwa. Yola ta yi yaƙinta ita kaɗai a 1901, Kano ita kaɗai a Fabrairu 1903, Sakkwato ita kaɗai a Maris. Ba ran da Morland ya gamu da ƙarfin daular duka a fili ɗaya. Ga shi kuma dabarun yaƙin da suka gada, watau ganuwa da sukuwar dawaki, an shirya su ne don abokan gaba masu mashi da kibiya.

Bayan Yaƙi

Soja suka shiga birni suka tarar kusan ba kowa. Waziri Buhari ya yi shawara da malamai, ya komo da jama'a, daga baya ya rubuta wata risala yana bayyana hujjar zamansa tare da Nasara don tsaron Musulmi. Lugga ya iso ran 19 ga Maris. Ran 21 ga wata aka naɗa Muhammadu Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba, jikan Muhammadu Bello. Lugga ya gaya wa manyan gari cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon haraji da na ƙasa, sun koma hannun Ingila, an kuma hana harin bayi, amma ba za a hana kowa addininsa ba. Aka bar Manjo Burdon ya zama Razdan. Marafa Maiturare, wanda ya riƙe gefen runduna ran Giginya, shi ma ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924.

Attahiru na fari ya nufi gabas da niyyar Makka. Ko ina ya bi sai mutane su bar gonakinsu da gidajensu su bi shi, har abin ya tsorata Turawa. Tutar nan da aka kama a Giginya wani ya sace ta daga hannun soja ya kai masa. Aka bi shi har Burmi, a ƙasar Gwambe. Cikin Mayu mutanen Burmi suka kori sojan da suka fara zuwa. Ran 27 ga Yuli aka komo da ƙarfi, aka kashe Attahiru da mutum fiye da 600, Manjo Marsh mai jan sojan shi ma kibiya mai dafi ta kashe shi. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya wuce da sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno ya ke bakin kogin Nilu. Tutar kuwa ta zauna hannun soja har 1960, sa'an nan aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Morland bai je Burmi ba. Aka ba shi lambobin girma saboda yaƙe-yaƙen nan. A 1905 aka ɗora shi bisa dukan rundunar Afirka ta Yamma, watau sojan Nijeriya, da Gwalkwas, da Saliyo, da Gambiya, ya riƙe har 1909. A 1910 aka ba shi birged a Ingila, soja wajen dubu huɗu.

Babban Yaƙin 1914

Cikin Agusta 1914 yaƙi ya tashi tsakanin Jamus da Ingila da Faransa. Cikin Oktoba aka ba Morland, yana manjo-janar, babbar runduna ta biyar ta sojan Ingila, mutum wajen dubu 18, a iyakar Faransa da Baljiyam. A Yuli 1915 aka ƙara masa girma, aka haɗa masa irin rundunan nan har uku a hannunsa. Mutumin da ya ci Kano da soja ɗari bakwai, ga shi yana da fiye da dubu 50.

Amma wannan yaƙi dabam ne. Ko wane gefe ya haƙa ramummuka masu tsawo ya shige, ya shinge gabansa da waya mai ƙaya. Jamusawa suna da igwa dubbai, suna kuma da bindiga mai ruwa, irin ta Maxim ɗin nan, sun kuwa iya aiki da ita. A tsakiyar 1916 manyan Ingila suka shirya su fasa layin Jamus kusa da wani kogi a Faransa mai suna Somme. Rabon Morland shi ne wani tudu da ƙauye da a ke kira Thiepval. Aka yi kwana bakwai ana zuba wa Jamusawa harsashin igwa, aka gaya wa soja ba za su tarad da mai rai ba. Ashe Jamusawa suna can cikin ɗakunan da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa.

Ran Asabar, 1 ga Yuli, 1916, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, aka busa usur, soja suka fito daga ramummuka suka nufi tudun a fili. Jamusawa suka hau da bindigoginsu suka buɗe wuta. Morland yana bisa wani dogon itace inda aka kafa masa dandamali, yana hange daga nesa. Runduna ɗaya tasa ta kasa isa ƙauyen. Ɗayar, ta mutanen Ailan ta Arewa, ta kutsa ta kama wata ƙaƙƙarfar mafakar Jamusawa, amma gudummawa ba ta iso ta da wuri ba, da dare aka kore ta, ta yi hasarar mutum fiye da dubu biyar cikin kwana biyu. Masu binciken tarihi sun zarge shi a kan ya yi ta tura soja inda aka kasa, maimakon ya ƙarfafa inda aka sami hanya. A ranar nan kaɗai sojan Ingila duka sun yi hasarar mutum 57,470, a cikinsu 19,240 matattu. Thiepval kuwa ba a ci ta ba sai ƙarshen Satumba.

To, ka gwada ranar nan da ranar Giginya, shekara 13 tsakaninsu. A Sakkwato Morland yana bayan bindiga mai ruwa, jarumawa suna tahowa a fili. A Thiepval bindigar tana hannun abokin gaba, jarumawan da ke tahowa a fili nasa ne. Abin da ya fito duka ɗaya ne, gama harsashi bai san Bafillace ba, bai san Bature ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Sai dai ba a nan labarin yaƙinsa ya tsaya ba. Ran 7 ga Yuni, 1917, rundunarsa tana cikin waɗanda suka kai hari tudun Messines a Baljiyam. Wannan karo an yi fiye da shekara ana haƙa hanyoyi a ƙarƙashin Jamusawa ana cusa albarushi. Da asuba aka tashi 19 daga cikinsu gaba ɗaya, igwa ta riƙa tafiya da wuta a gaban soja, aka ci tudun a ranar. Ka ga abin da ƙarfin zuciya ya kasa yi, shiri da sani sun yi shi. Sojan Nijeriya da ya bari kuwa, su ma sun sha nasu yaƙin da Jamus, a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sa'an nan a Afirka ta Gabas.

Ƙarshensa

Yaƙi ya ƙare ran 11 ga Nuwamba, 1918. A 1920 aka naɗa Morland shugaban sojan Ingila da aka zaunar cikin ƙasar Jamus, a birnin Kolon bakin kogin Rhine. A 1922 aka komo da shi ya riƙe Aldershot, babban barikin Ingila, ya kuwa kai cikakken janar. Ya bar wurin a 1923. Ya mutu a Montreux, cikin ƙasar Suwizalan, ran 21 ga Mayu, 1925, yana da shekara 59.

Mulkin da ya kafa da bindiga ya yi shekara 57 a Sakkwato, ya ƙare ran 1 ga Oktoba, 1960. Rundunar da ya yi wa shugabanci ita ce tushen sojan Nijeriya, barikinsu na Sakkwato kuwa Giginya a ke kiransa, sunan wurin da mutanen nan suka faɗi gindin tuta. Kai da ka koyi karatu, in yaronka ya tambaye ka asalin sunan nan, yanzu kana da abin gaya masa, da ranar, da shekarar, da sunayen waɗanda suka tsaya a ko wane gefe.

Tambayoyi

1. Lissafa matakan hafsoshi daga laftana zuwa cikakken janar.
2. Waɗanne garuruwa Morland ya kai wa soja tsakanin 1901 da 1903?
3. Ina Sarkin Kano Alu ya ke ran da aka ci Kano, me ya kai shi can?
4. Shawara uku da aka kawo a Sakkwato kafin yaƙi, waɗanne ne? Da kana wurin, wacce za ka goyi baya, don me?
5. Me ya sa a ke ce wa bindigar Maxim mai ruwa?
6. Ta ina ranar Giginya ta yi kama da ranar Thiepval, ta ina kuma suka bambanta?